Kujerar da Na Zauna a Kai

Jiya na ga ana sauke ganyen dabino daga mota a unguwar Abbasiya. Na tuna tsohuwar da muka yi haya a gidanta ina ɗaliba. Bayahudiya ce. Duk shekara idan wani idinsu ya zo akan ɗaura mata rumfar ganyen dabino a saman bene, ta yi kwana bakwai tana cin abinci a ciki. Ta ce da can kakanninta ke tattaki zuwa Ƙudus don wannan idi, yanzu kuwa annabawa ke zuwa rumfar, kullum ɗaya.

Wata la'asar na kai mata shayi cikin rumfar, na ga kujera an lulluɓe da farin ƙyalle, na zauna. Ta damƙe hannuna da yatsunta masu sanyi.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata, tashi. Yau kujerar ta Annabi Ibrahim ce, kuma ya riga ya iso."

Babu iska, amma ganyen ya motsa a kaina. Na sauko ina karanta Ayatul Kursiyyu. Ta sha kirana, ban sake hawa ba har ta rasu.

Ya Ubangijin Ibrahim, Kai Ka san ta. Kada Ka bar ta ita kaɗai yadda na bar ta.