Fumfunar da Ba Ta Jin Ƙamshi

Ko zan manta komai na shekarata ta ƙarshe a jami'a, ba zan manta ranar da na yi wa kakata bayanin auren fumfuna ba.

A hannunta na taso, a Mandawari. Tun kafin a haife ni Hajiya ke haɗa turaren wuta da humra, amaren unguwarmu da ƙamshinta suke tarewa. Sai a waccan shekarar abu ya soma lalacewa. Wannan ta dawo da kwalba ta ce ƙauri yake, waccan ta ce ba haka aka saba ba. Rannan miya ta ƙone ƙurmus tana zaune kusa da murhu. Kawunnaina suka ce rikicin tsufa ne, a karɓe sana'ar kafin ta zubar da sunan gida. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, har tsokanarta nake: "Tsohuwa an fara gigi!"

Ana jibi zan gabatar da takarda a aji, na rasa wanda zan gwada a gabansa, sai na zaunar da ita da hantsi na buɗe kwamfuta.

"Hajiya, kin san fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe? To wasu irinta aure suke yi."

"Oh ni! Wa ke ɗaura musu?"

Na nuna mata hoto. Na ce kowacce tana fitar da wani ɗan sinadari, kamar turare, ɗayar kuma tana da abin da ke jin sa, ki ce hanci. Da ta ji sai ta miƙa zarenta wajen mai ƙamshin har su haɗu. Sannan na nuna hoto na biyu, inda masana suka cire ƙwayar gadon da ke gina hancin. Ga abokiyar nan dab da ita, amma ta yi ta girma ita kaɗai, ko juyowa ba ta yi ba.

"Girman kai gare ta?" in ji Hajiya.

"A'a, lafiyarta ƙalau. Ƙamshin ne ba ya isa gare ta."

Ta ƙura wa hoton ido. Ina jiran tsokana, sai na ga hawaye.

"Takwara," ta ce a hankali, "tun zazzaɓin nan na bara ban ƙara jin ƙamshin komai ba. Da ka nake awo. Na ji kunya a ce mai turare ba ta da hanci."

Kunyar da ta rufe ni ta fi tata. Wata da watanni muna ɗaki ɗaya, ban taɓa tambayarta ba.

Washegari na kai ta asibiti, aka ce mai yiwuwa jin ƙamshin ya dawo, mai yiwuwa a'a. Bai dawo ba. Amma sana'ar ba ta bar hannunta ba: tana haɗawa, ina shinshinawa, ina cewa a ƙara sandal ko a rage farcen turare, tana hararata tana cewa hancin 'yan boko ne. Haka muka yi har ta koma ga Mahaliccinta, Allah Ya jiƙanta.

Tun daga ranar, in na ga mutum ya canza, ko na kira shi bai amsa ba, ba na saurin yanke masa hukunci. Nakan matsa kusa in tambaye shi abin da ya same shi.