Jan Ɗigon Kawu

Shekarun baya can, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, na sayi wata mota da har yau idan na tuna ta sai abinci ya fita raina. Ba motar ce ta yi min laifi ba. Ni ne na yi, kuma wanda na yi wa ba ya nan balle in gyara.

Lokacin kowa kuka yake yi. Albashi ba ya kai ma'aikaci tsakiyar wata, fetur sai a hannun 'yan bumburutu, taki kuwa sai wanda ya san wani. Ni kuma Allah ya sa hatsin da na adana ya yi daraja shekara biyu a jere, sai kaina ya kumbura. Na sayar da gonar da na gada a Kara, na haɗa da ribar, na tafi Kano na fito da mota sabuwa fil. Baƙa ce, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, in ka ɗan taka ta sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Duk Gwarzo babu mai irinta. Buhu ko ɗaya ba ya shiga bayanta, ni da sana'ata ta buhu ce, amma wa ya isa ya faɗa min a lokacin?

Ranar da zan karɓe ta, manajan kamfanin ya miƙo min wani ɗan littafi. Ya ce, "Alhaji, ga garantinka. Shekara guda, duk abin da ya samu injin nan mu za mu gyara. Sharaɗi ɗaya ne: kowane juyen mai a nan za a yi, mu buga maka hatimi. Kada wani hannu ya taɓa ta a waje." Na ce to, to, idona yana kan makulli.

To, ina da kawu, yayan mahaifiyata, bakanike ne a Kabo. Garejinsa a bakin titi yake, ƙarƙashin wata darbejiya, da benci biyu da direbobi ke zama. Tun rasuwar mahaifina shi ne tsaye a kanmu, shi ya koya min tuƙi ma. A danginmu kuwa, daga keke zuwa injin ban-ruwa zuwa a-kori-kura, duk abin da aka ce ƙarfe ne wurin Kawu ake kai shi. Ka kai wani wuri, kamar ka ce ba ka da kawu ke nan.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Akwai wani ƙaramin gwangwanin jan fenti da tsinken tsintsiya da ba ya rabuwa da su. Duk notin da ya ɗaure, sai ya ɗiga masa ja. In aka tsokane shi, sai ya ce, "Ni na fara tsufa, ina mantuwa. In na ga ja, na san na ɗaure." Direbobin Kabo in za su yi doguwar tafiya, leƙa ƙarƙashin mota kawai suke yi. Suna ganin ɗigon nan hankalinsu ya kwanta.

Na yi kusan wata biyu ina zaga gari ban kai masa motar ba, don na san abin da zai biyo baya. Wata rana da na shiga gaishe da mahaifiyata ta ce, "Yaya ya aiko sau biyu yana tambayar motar nan. Sai ya zo da ƙafarsa ya gani?" Washegari na tafi Kabo, da niyyar in gaishe shi kawai in juyo.

Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya miƙe yana zagaya motar yana murmushi. "Alhaji ƙarami, wannan ai jirgi ka sayo. Allah ya sa alheri, Allah ya tsare." Ya buɗe murfin inji, ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa. "Man nan ya yi baƙi, lokacin juye ya yi." Kafin in buɗe baki har ya shimfiɗa buhunsa a ƙarƙashinta. Direbobi cike da benci suna kallo. Ku gaya min, da wane bakin zan ce wa mutumin da ya riƙe ni kada ya taɓa motata? Na haɗiye maganar, na je na sayo mai mafi kyau da na samu.

Da ya gama ya ce in tayar da ita. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya daɗe yana saurare. Ya ce in kashe in sake tayarwa. Sannan ya zagayo ya sunkuyo ta taga, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka ga 'yar jar fitilar nan ta mai? Tana daɗewa kafin ta mutu. Famfon man nan bai kwanta min ba. Wannan ba aikina ba ne, nasu ne. Ka mayar musu da ita gobe su duba. Kafin nan kada ka taka ta."

Na ce, "To, Kawu." A zuciyata kuwa cewa na yi, tsohon da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin a-kori-kura, me ya sani game da irin wannan? Ban kai ta ba. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako uku.

Wata Asabar muna dawowa daga ɗaurin aure a wajen Masanawa, ni da abokina, muka hau kwalta. Ya ce, "Kullum kana cika mana baki wai tana tashi sama, yau dai mu gani." Na taka ta iya ƙarfina. Ba mu yi nisa ba na ji wata ƙara a gaba kamar ana daka a turmi, sai hayaƙi, sai shiru. Inji ya buga. Muka fito muka tsaya a rana, masu kekuna suna wuce mu suna mana sannu.

Motar janwe ta kai ta Kano. Manaja ya buɗe littafin, ya ga shafin hatimi fari fat, ya ɗago. "Alhaji, wani ya taɓa ta a waje?"

Ku tuna shekarar da nake ba ku labari. Na tsayar da gemu, na ɗage wando, a majalisarmu babu wanda ya kai ni ɗaga murya a kan hukuncin ɓarayi da maƙaryata. Amma ni ne na dubi idon bawan Allah nan na ce, "Babu wanda ya taɓa ta." Saura ƙiris in ƙara da wallahi, sai injiniyansu ya leƙo ya ce mu zo mu ga wani abu. Muka sauka ramin da ake duba ƙarƙashin mota, ya haska tocila a kan notin da ake kwancewa a zubar da mai. Ga jan ɗigon nan raɗau.

Ya ce, "Alhaji, mu nan ba ma sa jan fenti."

Manaja ya rufe littafin ya miƙo min. Garanti ya faɗi. In ina son sabon inji sai dai in saya da kaina, ni kuwa gonar da zan sayar ta riga ta tafi.

Kunyar kamun da aka yi min da zafin asara suka haɗu suka rufe min ido. Na shiga motar haya, maimakon in wuce Gwarzo sai na sauka a Kabo. Bayan la'asar ne, benci cike. Ko sallama ban yi ba. Kawu yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

Na ce, "Kawu, ka kashe min mota. Ka taɓa abin da ba ka sani ba, ka shafa mata fentinka, yanzu kamfani sun ce babu ruwansu. Ka cuce ni."

Ya jawo jiki ya fito a hankali, ya zauna a kan buhunsa yana goge hannu da tsumma. Ya dube ni. Na san abin da zai iya faɗa, shi ma ya san na sani. Kalma biyu sun isa ya wanke kansa a gaban kowa. Sai ya ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya mayar maka da alheri. Ka gaida Innarka." Ya koma ƙarƙashin motar.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika tasha. Wai tsoho ya fara rikicewa, har motar ɗan ƙanwarsa ya kashe. Direbobi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wani sabon gareji a tsallaken titi. Wani ma har Gwarzo ya same ni yana min jaje, ya ce, "Ai ni na daina kai masa. Wanda ya yi wa jininsa haka, ni wane ne?" Da na ce masa ba haka ba ne, da wataƙila an tsaya a nan. Na ce masa na gode.

Mahaifiyata ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dai daina ambaton Kawu a gabana, ta daina aikena Kabo. In na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta ci gaba da jan carbinta.

Motar ta yi wata bakwai a ajiye a harabar kamfani. Rannan sai ga takarda, wai in zo. Manajan nan da ya rufe min littafi shi ne ya tare ni da fara'a har da ba ni kujera. Ya ce masu ƙera motar sun gano akwai matsala a wani rukunin da suka fitar, tawa tana ciki, za a sa min sabon inji kyauta. "Ashe famfon mai ne, Alhaji. Ko wa ya yi juyen nan, da sai ta buga."

Famfon mai. Na ji maganar kamar Kawu ne ya sake sunkuyowa ta taga.

A nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Na ce zan je in ba shi haƙuri, amma sai motar ta fito, in je da ita, in durƙusa a gaban direbobin nan, abin ya yi armashi. Ko tuban ma so nake a gan ni a cikin mota. Injin kuwa daga waje za a kawo shi, aka yi ta sa min rana. Sau uku ina wuce Kabo a motar haya ina sunkuyar da kai. Sau ɗaya na hango shi zaune a benci shi kaɗai, gwangwanin yana gefensa, babu mota ko ɗaya a ƙarƙashin darbejiyar. Na ce mako mai zuwa.

Wata Talata da hantsi ina kasuwa aka aiko. Kawu ya kwana biyu da zazzaɓi, Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar sadakar uku na samu mahaifiyata ita kaɗai a ɗaki, na zayyana mata komai, da takardar kamfani, da gargaɗin da ya yi min ta taga. Ta ce, "Ya faɗa maka tun farko?" Na ce ya faɗa. Ashe ko ita bai taɓa gaya wa ba. Ta ce, "Da na je masa ina kuka, cewa ya yi in rabu da kai, asara ce ta gigita ka. Shi ya yafe tun ranar. Amma ni, inda ka faɗi waccan, can nake so ka je ka faɗi wannan."

Na je. Na tsaya a tashar Kabo na faɗa wa direbobin da na samu gaskiyar abin da ya faru. Suka ce, "Allah sarki, Allah ya jiƙan tsoho," suka ci gaba da lodinsu. Duka maganar ba ta ɗauke ni minti biyu ba. Minti biyun nan ne na kasa ba shi yana da rai.

Da motar ta fito na roƙi injiniyan ya ciro min notin nan daga tsohon injin. Ya ce sai da ya sa ƙarfi kafin ya kwance, wanda ya ɗaure shi ya san aikinsa. Ita motar ban yi wata guda da ita ba na sayar, don duk sanda na tayar da ita jar fitilar nan nake kallo. Notin yana nan a aljihun teburina.

Mutane suna cewa in daina damun kaina tunda ya yafe. Na sani. Amma yafiyarsa ba ta mayar masa da bencinsa cike ba, kuma mutumin da ya rufa min asiri a ranar da nake tona nasa ya tafi bai ji na ce na yi kuskure ba. Wannan bai taɓa yi min sauƙi ba.

Har yanzu in na je Kabo ranar kasuwa na ga tsohuwar a-kori-kura a tsaye, sai in tsinci kaina na sunkuya ina leƙa ƙarƙashinta. Masu wucewa suna zaton wani abu ne ya faɗi min. Jefi-jefi nakan ga ɗigon, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Nakan sa yatsa in gwada notin. Ban taɓa samun wanda ya kwance ba.