Ranar da na taɓa fuskata a gaban Yaya

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta da ranin da agana ta shigo mana daga Dahome ba, shekarar da aka ba mu mulkin kai. Muna Kurgu lokacin, ni saurayi, na bar makaranta a aji uku na koma gona.

Yayana kurma ne, bebe kuma, tun haihuwa. Sana'arsa saƙa zana, ya ɗora wa jaki ya ƙetara iyaka ya sayar a ƙauyen danginmu na can. Da hannu muke magana da shi, kuma duk gidan ni na fi iyawa.

To a garinmu ba a kiran sunan wannan cuta. An ce idan ka ambace ta, ka kira ta. Sai a ce 'yan rani, ko a ce baƙuwa. Mai shela ya zaga gari ya ce kada kowa ya ƙetara, baƙuwa ta sauka can. Kowa ya ji ban da mutum ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai, har yau kuma ina juya shi, shi ne baki yana iya kewaye suna, hannu ba ya iyawa. Alamar cutar ɗaya ce wurinmu: ka daddanna 'yan yatsu a fuska, inda zanzana ke fita. Yin haka kuwa daidai yake da ambato.

Na zuba wa Yaya ido in ga yadda zai fassara garin. Ya ga kasuwar Kende ta watse, ya ga ba a musafaha. Ya nuna mini tuta, ya nuna hular Bature, wai Turawa ne suka tafi da kasuwar? Na yi dariya, dariyar da ba ta da amfani.

Wata safiya na tarar ya ɗaure zana kan jaki. Na yi masa alamar ciwo, ya ɗaga kafaɗa, ai kullum wani na ciwo. Na yi alamar 'yan sanda, ya nuna mini hanyar daji yana murmushi. Inna ta ga hannuna na ɗagawa zuwa fuska.

"Kai, wane, kar ka kuskura!" in ji ta. "Cikin gida za ka kira muna ita?"

Na ce, "Inna, to ki gaya mishi da taki hanya."

"A ɓoye jakin."

"Sai ya ɗauki kayan a ka ya tafi, kin san shi."

Na juya wurin Yaya. Na daddanna yatsuna a kumatu da goshi, na nuna yamma. Matan gida suka sa salati, wata ta watso mini ruwa a ƙafa.

Yaya ya tsaya kallona. Ya kwance kayan, ya zauna bisa zana. Sannan ya tambaya, tun yaushe? Na nuna masa tun tsayuwar wata. Ashe ya ƙetara a tsakani ba mu sani ba, har ya kwana gidan da aka rufe wani ɗaki ba a gaya masa dalili ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki tabarmarsa ya koma bukkar gona da kansa, ba wanda ya kore shi. Can na riƙa ajiye masa tuwo daga nesa har masu lambar rigakafi suka zo garin Bagudo, aka tsaga mana hannu.

Bai kamu ba. 'Yar maƙwabcinmu ta kamu ta rasu, aka ce ni na kira ta. Akwai tsofaffin da suka mutu ba su sake amsa gaisuwata ba, ni ma ban bi su ba.

Abin da na koya shi ne, in bala'i ya zo, shela ba ta isa ba. A tashi a nemi wanda ba ya ji, a gaya masa ta hanyar da yake ganewa, ko da gari zai tsane ka.