Sayen Sabulun Jabu a Masaka

Har yau ranar da aka aike ni Masaka sayen sabulu ba ta fita raina ba. Abu uku ke shirin salwanta: sunan Mama Saratu, tambarin zabuwar da ke jikin sabulunta, da abincin matan da ke yi mata aiki a Orozo.

Ni dilan kayan mota ne a kasuwar Gudu. Sai da furfura ta fara leƙowa na koma jami'a karatun lauya. A dogon hutu aka tura ni sanin makamar aiki a ofishin Barista Rifkatu, wadda ta ƙware a shari'ar tambarin kaya. Tana ce mini Alhaji, ina ce mata Oga, ko da yake na girme ta nesa ba kusa ba.

Mama Saratu ta yi wa tambarinta rajista. Sai ga wani a Masaka yana sayar da sabulu mai zabuwa iri ɗaya, mai sa ƙaiƙayi, ita kuma ake zagi. A ƙa'idar aikin, kafin a aika wa mai jabu takardar gargaɗi ko a kai shi kotu, sai an sayi kayan a hannunsa, an karɓi rasit mai sunan shagonsa.

Barista ta ce, "Alhaji, kai ka san kasuwa. Sayo ɗaya, ka karɓo rasit."

Mai shagon, Sunday, ya faɗi kuɗi. Ni kuwa tun da na fara kasuwa ban taɓa biyan kuɗin farko ba, bakina bai iya ba. Na taya rabi. Na shinshina sabulun, na kushe takardarsa, na tambayi farashin katan. Sunday ya dube ni, ya jawo benci, ya aika a kawo lemo.

"Oga, kai dila ne. Ɗebi waɗannan ka gwada, kyauta. Tsakaninmu ba rasit."

Da na koma ofis, Barista ta jera sabulan a tebur, ta ce, "Nawa ka biya?"

"Ko sisi."

"Madalla. Mun tabbatar Sunday mutum ne mai kyauta, alƙali zai ji daɗi. Gobe ka koma. Abin da ya faɗa, shi za ka biya."

Washegari na koma, Sunday ya faɗi kuɗi, na zaro na miƙa, raina na ƙuna. Ya ƙi karɓa.

"Jiya ka kusa shanye mini jini, yau ba ka tayawa? Lafiya dai?" Ya fara tura katan ƙarƙashin tebur da ƙafa. In ya ɓoye kayan nan, maganar Mama Saratu ta mutu.

Na ce, "Aike ne. Kuɗin ofis ne." Ban yi ƙarya ba.

Nan take fuskarsa ta washe. "To ka faɗa mana!" Ya jawo rasit da hatimi. "Nawa zan rubuta?"

"Abin da na biya."

"Ba ka ɗora naka?"

"A'a."

Ya dube ni da tausayi, ya rubuta sabulu mai zabuwa, ya buga hatimi.

Da takardar gargaɗi ta isa, Sunday ya zo ofis da shugaban layinsu na kasuwa. Ya miƙa sauran kaya, ya sa hannu cewa ya daina, ba a je kotu ba. Zai fita ya hango ni a kusurwa ina jera fayil.

"Oga, har lemo fa na saya maka."

Na ce, "Na gode, ya yi sanyi."

A kasuwa gwani shi ne wanda ya biya kaɗan. A wannan aiki, wanda ya dawo da shaida ne, ko da an cuce shi. Mama Saratu ta tsira da tambarinta, Barista ta sa mini hannu a takardar kammala aiki. Ni kuwa labari ya riga ni isa Gudu. Har gobe in na taya kaya sai a ce, "Alhaji, naka ne ko na ofis?" Kafin in amsa an ƙara kuɗi.