Watan da Na Cire Kaina daga Ƙungiya

Ɗiyata ta fari ta ƙi likitanci, ta ƙi lauyanci, ta je ta karanta halittun teku. Mu da iyakar ruwanmu a Jos kududdufin kuza! Da hutu takan dawo mana gida a unguwar Tottenham da takalman roba masu warin kifi, in tambaye ta da Hausa ta amsa rabi da Turanci.

Wata rana ina yanka alayyafo na ce, "Wai ke me kike yi a bakin ruwan nan da har gwamnati take biyanki?"

Ta ce, "Mama, ba za a iya kare duk abin da ke teku ba, sai a nemo wanda shi ne ginshiƙi. Hanyar ganewa kuwa, a cire halitta ɗaya daga kan wani dutse, a zuba ido. Idan aka kwashe tauraron teku, ƙumba sai ta mamaye dutsen ta kori kowa."

Na ajiye wuƙa. Wallahi ba teku nake tunani ba, ƙungiyarmu ta mata nake tunani.

Muna haɗuwa ranar Asabar a wani hall na council, wato ɗakin taron ƙaramar hukuma, 'yan Najeriya da 'yan Ghana, Musulmi da Kirista. Ni ke yin booking ɗin hall ɗin, ni ke jera kujeru, ni ke ɗauko tukunyar waina a bas. Amma da aka tashi karrama mata a taron shekara, sai aka ba da lambar yabo ga mataimakiyar shugaba, wata mata daga Dagenham wadda aikinta kawai riƙe makirufo. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ina so in san ko akwai mai sona a wurin, ko dai wainata ake so.

Sai na cire kaina daga kan dutsen. Na ce musu gwiwa ce ta matsa mini, na zauna gida da waya a cinya, ina jiran ƙungiya ta rushe.

Ina! Wata ta yi booking ta waya, wai ma ya fi sauƙi. Wata ta kawo waina, aka sa hoton a group, har da masu rubuta "ba mu taɓa cin irinta ba". Munafukai! Sannu da gwiwa kuwa, alamar hannuwan addu'a kawai aka turo mini. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska kafin maigida ya dawo.

Wajen ƙarshen watan na lura hotunan sun canza. Kujeru sun fara yawa, mata sun fara ƙaranci, mataimakiya kuwa tana cikin kowane hoto da makirufo.

Wata ranar Lahadi aka buga ƙofa. Dattijuwar ƙungiyarmu ce, wata Hajiya 'yar Kumasi mai shagon atamfa, ta hawo bene tana haki. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce to, ga mai ƙaunata ta zo.

Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, da Hausarta ta zango, "Ƙanwata, ka dawo. Matan nan na Dagenham ya cinye mu. Shi ne addu'a, shi ne jawabi, shi ne rufe taro. Kowa ya gudu."

Na ce, "Yaya, kun yi kewata ke nan?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kewa? Hutawa muka yi, sati na farko. Amma kai kaɗai ne in ka ce mishi ya zauna yake zama. Bakinka ba kyau, shi muke so."

Ɗiyata tana kicin tana jin komai. Bayan na raka Hajiya na same ta tana dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Ke, wannan tauraron naku, sauran halittun suna sonsa?"

Ta share hawaye ta ce, "Mama, cinye su yake yi. Shi ya sa muke kare shi."

Asabar ta gaba na ɗaura ɗankwalina na tafi, ban soya ko waina ɗaya ba. Ina shiga mata suka yi ta guɗa, mataimakiya tana tsakiyar jawabi. Na ja kujera a sahun gaba na ce, "Baiwar Allah, ya isa haka, zauna." Ta zauna.

Har aka tashi, babu wadda ta tambaye ni gwiwa.