Lemon Tsami a Ƙofar Kamfanin Jima

Da masaƙar da maigidana ke gadi a Sharada ta rufe, tukunyar tuwona ce ta zama abin da gidanmu ya dogara da shi. Na kwashe ta zuwa Challawa, ƙofar wani kamfanin jimar fata, don in sayar wa ma'aikatansa. Kullum sai in dawo da tuwon kusan yadda na kai shi. Muka ci ɗumame har yara suka fara ɓata rai, ni kuma tsoro ya kama ni sosai, domin garin da ya rage a buhu ba shi da yawa.

Masu ba ni shawara biyu ne a gida. Maigidan tsohon soja ne, komai a wurinsa yaƙi ne.

"Wuri shi ne nasara," in ji shi. "Ki matsa dab da ƙofa, ki tare musu hanya."

Na matsa. Abin da na ƙaru da shi warin ɗanyar fata ne kawai.

Yayana kuwa makaɗin kalangu ne a gidajen biki. Ya yi wa maigidan dariya, ya ce, "Ƙanwata, mutum da zuga ake kama shi. Ki wasa su, ki kira su manyan maza."

Na wasa su har maƙogwarona ya bushe. Suka yi murmushi suka wuce wurin mai burodi. Haushi ya ishe ni, na ce da Yaya ya riƙe zugarsa.

Ranar da na gaji da kira, na zauna na zuba musu ido. A nan na lura da hannayensu. Duk wanda ya fito, hannunsa na aljihu ko a hammata. Ko burodin ma ta cikin leda suke riƙe shi suna gutsura. Ashe sabulun kamfani ba ya fitar da ƙarnin fata, ga tuwo kuma da hannu ake cinsa. Wani dattijo ma ya tsaya ya daɗe yana kallon miyata, ya sunsuna yatsunsa, ya tafi. Tausayinsa ya kama ni har na manta da nawa.

Washegari na zo da ruwan zafi a buta, da sabulun salo, da lemon tsami a yanke. Da dattijon ya zo wucewa na ce, "Baba, ku kawo hannunku." Ya dubi hannunsa, sannan ya miƙo. Na zuba masa, ban kau da kai ba, ban toshe hanci ba. Ya murza lemon, ya sunsuna, ya zauna a benci ya ce in sa masa tuwo. Na bayansa suka bi layi.

Har yau maigida da Yaya suna musu kan wanda shawararsa ta yi aiki, ni dai ba na tanka musu. Abin da nake tunawa shi ne yammacin nan da na shiga gida, yara suka buɗe tukunya suka tarar ba komai. Ƙaramarsu ta ce, "Umma, yau me za mu ci?" Na zauna a bakin murhu ina hura wuta, ina dariya, hawaye na zuba.