Ranar da ba a kunna gas

Ƙanwata sojar sama ce, a cikin jirgin da ke ɗura wa jiragen yaƙi mai a sama, alhali suna cikin tafiya. Wani hutu da ta zo gidanmu na saman bene a unguwar Woolwich, Umma ta ce ta nuna mata aikin. Ta ciro tiyon injin shara, ta ɗaura matankaɗi a bakinsa, ta miƙo mini muciya.

"Yaya, ke ce jirgin yaƙi. Muciyar ce hancinki, zo ki sa shi a kwandon nan."

Ina matsowa ta girgiza tiyon, matankaɗin ya buge ni a goshi. Ta yi dariya, ta ce haka iska ke yi a can. Kwandon da ke bakin tiyon nasu kan fasa gilashin jirgin da ya zo sha, tiyon kan tsinke mai ya yi feshi, kuma in jirgin ya matso fiye da ƙima ya gogi nasu, su da ke zaune a kan man nan ba su da wurin gudu.

Umma ba ta yi dariya ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da ƙanwata za ta tashi, ba a kunna gas a gidanmu, kuma Umma ba ta barin sallaya sai saƙo ya zo cewa an sauka. Mu ci burodi, mu jira.

Ni waƙoƙi nake rubutawa. Aka gayyace ni in karanta su, karon farko, a wani ƙaramin zaure a Stratford, na kama wa Umma kujera a gaba. Ta sa leshinta ruwan toka, ta kafa ɗauri, har ta ɗauki jaka, sai wayarta ta yi ƙara: saƙon ƙanwata ne, za ta tashi. Na ga tana zare takalmi.

"Umma, zamanki a ɗaki ba shi zai riƙe tiyon ba."

"Rufa mini baki! Ke a ƙasa kike, 'yar nan. Ko jiri ya ɗebe ki, kujera ce za ta tare ki."

A jirgin ƙasa na riƙa kallon sama ta taga, fes take, shuɗiya. Na ji ina ma ni ce a can, rataye tsakanin gajimare da wuta, sunana a bakin Umma tun azahar. Na karanta waƙoƙina ina duban kujerar da wata mata ta ɗora rigar sanyinta a kai.

Da la'asar, tun daga matakala na jiyo ƙamshin albasa a mai. Na yi hamdala. Umma ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, har yanzu cikin leshin.

"Ta sauka! Wanke hannu ki yanka mini attaruhu."

Na ajiye waƙoƙin a kan firij, na ɗauki wuƙa.